Bokiti Biyu da Tsohon Rawani



Mai yiwuwa wani ya buɗe wannan shafi ya tambayi kansa: me ya haɗa mujallar iyali da zancen wankin mota, alhali ga maganar aure, ga ta karatun yara, ga ta zaman maƙwabtaka duk suna jira? Tambayar tana kan hanya. Amsarmu ita ce, mu bakwai ne a wurin mahaifinmu, kuma da yawa daga cikin abin da muka sani game da riƙon amana, da tattalin ruwa, da haƙuri da aiki, a gefen wata tsohuwar mota muka koye shi, a birnin Umdurman na ƙasar Sudan, kowace safiyar Juma'a, daga 1984 har zuwa 2023. Yaƙi ya raba mu da motar, ya raba mu da gidan, ya kuma watsa mu cikin ƙasashe uku. Tun daga lokacin muke tambayar junanmu ko duk wancan goge-gogen na shekara da shekaru ya tafi a banza. Abin da muka tsayar a tsakaninmu shi ne muke son mu ajiye a gabanku.

Yadda muka zama mutanen Umdurman

Kakanninmu mutanen Maraɗi ne da suka ɗaura niyyar Hajji ta ƙasa, kamar dubban Hausawa kafinsu da bayansu. Hanyar sananniya ce: daga Kano zuwa Maiduguri, a ƙetare zuwa Cadi, a bi ta Abeshe da Adare, a shiga Darfur ta Jinaina, a wuce Fashir da Ubayyid, har a iso bakin kogin Nilu. Wanda guzurinsa ya ƙare sai ya tsaya ya yi ƙwadago shekara ɗaya ko biyu, wani ma goma, kafin ya tara kuɗin jirgin ruwan Jidda. Waɗansu sun sauke farali sun komo gida, waɗansu kuwa sun zauna. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da jama'arsa har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, aka buɗe gonakin auduga na Jazira, hannun Hausawa ya yi aiki mai yawa a cikinsu.

A wannan yanki aka haifi mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa. Ya tashi yaron mota, ya zama direban babbar motar Bedford, irin wadda Sudanawa suke yi wa laƙabi da sifinja, wato silifas, domin maƙeransu sun sake mata siffa har tafiyarta ta yi taushi a hanyoyin hamada. Da ya tara abin da ya tara, sai ya sayi fili a Umbadda, yammacin Umdurman, ya gina gidan ƙasa. Tun ba shi da ko keke ya sa magina suka buɗa ƙofar gidan da faɗi, suka kafa rumfar kwano daga ciki. Maƙwabta suka yi ta yi masa dariya, shi kuwa yana cewa mai shirin baƙo ba ya jiran sallama kafin ya share ɗaki.

Hajiya

Baƙuwar ta iso a 1984. Wani dattijon ɗan kasuwa da Baba ya daɗe yana ɗaukar wa kaya ya sayar masa da Marsandinsa, aka yi yarjejeniya ya biya sannu a hankali. Samfurin 280 SE ce, wanda kamfanin Mercedes-Benz na Jamus ya ƙera tsakanin 1968 da 1972. Tsawonta ya kusa mita 5, injinta mai silinda 6, launinta shuɗi mai duhu kamar turkuɗin Kura. Bambarta ta gaba da ta baya farin ƙarfe ne mai ɗaukar ido, gaban direba an yi masa ado da katako na gaske, ga tauraro a tsaye a kan hancinta. In ta shigo lungunmu sai yara su manne da bango, domin ita da bangon biyu babu tazarar kirki.

Ba a yi shekara ba ƴan unguwa suka raɗa mata suna Hajiya, wai don ta kai alhazai filin jirgin saman Hartum ba adadi, ta kuma taro su, amma ita ko sau ɗaya ba ta ƙetare Bahar Maliya ba. A takarda motar ta Baba ce. A aikace kuwa ta unguwa ce. Ita ke ɗaukar amare. Ita ake bugun ƙofa dominta da tsakar dare in naƙuda ta tashi, a nufi asibitin haihuwa na Umdurman da ake kira Dayat. Ita ke kai tsofaffi gaisuwar mutuwa a Bahri ko a Kalakala. Ɗaliban Nijar da Nijeriya da suka zo karatu Jami'ar Afirka ta Duniya, in suka kawo wa Baba gaisuwa, a cikinta ake kai su Muƙran su ga inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke haɗuwa, kowanne da launinsa, kafin su gauraye su nufi Masar. Baba bai taɓa karɓar ko sisi a kan waɗannan aike-aike ba. Doka ɗaya kawai ya kafa, kuma a kanmu ta hau: «Motar da za ta ɗauki ƴar mutane zuwa ɗakin mijinta ba ta fita da ƙura.»

Maƙiya uku

Wanda bai zauna a Hartum ba zai yi zaton wannan doka mai sauƙi ce. Amma mota a wannan gari tana da maƙiya uku.

Na farko ƙura. Daga watan Mayu har cikin damina akan yi guguwar da suke kira habub. Za ka ga gari garau da la'asar, can sai wani jan bango ya taso daga nesa, tsayinsa kamar ya taɓa gajimare, kafin ka tattara shanya ya rufe unguwa, har sai an kunna fitila. In ya wuce, komai ya koma launi ɗaya. Wannan ƙura ba irin lallausan hazon hunturu da muka sani a ƙasar Hausa ba ce kawai. Akwai ɓarɓashin yashi a cikinta, kuma ƙwayar yashi ta fi fenti tauri nesa ba kusa ba. Duk wanda ya sa busasshen tsumma ya share ta, to ya goge motarsa da takardar yashi ne bai sani ba.

Na biyu rana. A watannin Mayu da Yuni zafi yakan wuce digiri 40 kusan kullum, ƙarfen mota mai duhun launi kuwa ya fi haka sosai, har ba ya taɓuwa. Motocin wancan zamani fentinsu fata ɗaya ce, babu wannan garai-garan rufi da aka riƙa ɗorawa a kan fenti daga baya. Saboda haka rana kai tsaye take cin launin, ya dushe, ya yi fari-fari kamar an barbaɗa alli. In ka murza da tsumma sai ka ga shuɗin ya biyo shi.

Na uku, abin mamaki, ruwa ne. Ruwan saman Hartum bai kai rabin na Maraɗi ba, shi ya sa tsatsa ba ta cika damun motocinta ba, kuma tsofaffin motoci suke daɗewa a can fiye da a Bur Sudan mai iskar gishiri. Amma in Shuɗin Nilu ya cika a watan Agusta, ya taho da laka daga duwatsun Habasha, har ruwan famfo yakan zo ja. Matan ƙauyukan bakin kogi sun daɗe da sanin dabarar daka ƴaƴan zogale su zuba a tulu don laka ta kwanta. Mu kuwa namu na wanki tun daren Alhamis muke tara shi a ganga, ya kwana ya natsu, da safe mu kamfaci na sama mu bar guiɓin. A Umbadda ma ba kullum famfo yake kawowa ba. Sau da yawa daga masu kuran jaki muke saye, ganga-ganga, kuma duk yaron gidan ya san kuɗin kowace ganga.

Safiyar Juma'a

Da an dawo daga sallar asuba, kafin rana ta leƙo rumfa, Baba zai aza tafin hannunsa a kan murfin inji. In da ɗumi, a jira. Ƙarfe mai zafi yana busar da sabulu kafin a ɗauraye, ya bar tabon da ba ya fita da daɗi.

Ruwan wankin duka bokiti biyu ne da buta ɗaya, bai wuce lita 30 ba, ga mota mai wannan girma. Da buta ake farawa. A tsiyaya ruwa daga rufi a hankali, ba a taɓa jikin motar da hannu, har sai ruwan ya kwashe yashin ya gangara da shi. Daga nan sai soso. Bokiti ɗaya na ruwan sabulu ne, ɗaya na ɗauraya. In ka wanke ƙofa ɗaya, sai ka tsoma soson a na ɗauraya ka matse, yashin ya zauna a ƙasan bokitin, sannan ka koma na sabulu. Wanda ya yi gaggawa ya tsallake bokitin ɗauraya, Baba ba ya yi masa tsawa, yakan kira shi ne ya ce, «Zo nan, ɗana, sa hannunka a gindin bokitin nan.» Yaro ya ji yashi yana ƙaras-ƙaras a yatsunsa. «To, da duk wannan a jikin Hajiya za ka shafa.» Gani ya kori ji.

Daga sama ake gangarowa: rufi, gilasai, murfin inji da na baya, ƙofofi, sannan ƙasa inda laka ta fi yawa. Tayu su ne na ƙarshe, kuma suna da nasu soson daban wanda ba ya hawa sama har abada. Omo bai taɓa kusantar motar ba, domin abin da yake cire maiƙo a tukunya yana cire kaki a fenti, ya kuma busar da robar gilashi. Sabulu mai sanyi ake narkarwa kaɗan. In an gama, ba a barin iska ta busar da ita, domin kowane ɗigo da ya bushe da kansa zai bar zobe. Da wata lallausar fata da ake kira shamwa ake tsane ruwan, a shimfiɗa ta, a ja, a matse. Ruwan da ya zuba ƙasa kuwa an yi masa ƴar hanya zuwa gindin itacen lemun tsami da ke tsakar gida, don haka ko shi bai ɓata ba.

Aikin yana da matakai kamar karatun allo. Ɗan shekara bakwai daga tayu yake farawa, nan ne babbaƙunsa. In ya yi shekara yana yi ba a sami laka a lungun ƙafa ba, a ɗaga shi zuwa bamba da fitilu. Ƴan mata su ne da cikin mota: su kakkaɓe shimfiɗun ƙafa, su goge katako da tsumma mai ɗan danshi, su wanke gilasai ciki da waje, a ƙarshe Inna ta miƙo kaskon turaren wuta a zagaya da shi. Akwai wani ƙaramin faranti da ake ajiyewa a kan dakali. Duk abin da aka tsinta a ƙarƙashin kujera, ko kwabo ne, ko ɗan kunne, ko carbi, ko takardar asibiti, a nan ake sa shi, bayan sallar Juma'a a bi gidajen waɗanda motar ta ɗauka a wannan mako ana cigiya. Sau ɗaya ƙanwarmu ta tsinci zoben zinariya da ya faɗa bayan kujera tun daren wani biki. Baba ya sa ta ta kai da hannunta, don ta ga fuskar mai shi.

Game da ruwan, Baba yakan tuna mana abin da ya zo a ingantattun hadisai, cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da mudu ɗaya na ruwa yake alwala, da sa'i ɗaya kuma yake wanka, ga shi mudun nan bai cika lita ɗaya ba. Sai ya ce in mafificin halitta ya tsarkake jikinsa da wannan, wane ne ƙarfe da za a kwarara masa ganga?

Ranar kaki

Wanki na kowane mako ne, amma kaki sau huɗu ake shafa shi a shekara: kafin habub, bayan damina, da kuma gab da sallolin nan biyu, ko kusa da haka gwargwadon yadda watanni suka faɗo. Wannan rana babba ce a gidanmu. Gwangwanin kakin yana cikin akwatin Baba tare da takardun fili, kuma babu wanda yake taɓa shi sai wanda ya yi shekaru yana wanki.

Mun taɓa tambayarsa me ya hana a yi da kakin zuma, ga shi da arha a kasuwar Umdurman. Ya ce mu ɗora ɗan guntu a kan murfin inji da azahar mu gani. Muka ɗora, ya yi laushi ya fara malala, ƙura ta manne masa. Daga baya muka san dalili: kakin zuma yana narkewa da zafi ya ɗan haura digiri 60, shi kuwa wanda ake sawa a man goge mota, mai suna karnuba, sai an wuce digiri 80. Daga ganyen wani irin giginya ake samunsa a arewa maso gabashin Barazil, ƙasa mai fari kamar tamu. Allah Ya lulluɓe ganyen da wannan kaki domin kada rana ta tsotse ruwansa. Mutane su yanko ganyen, su shanya, su kakkaɓe garin, su narkar. Wato rigar da Mahalicci Ya ɗinka wa itace a wata nahiya ita muke arowa mu sa wa ƙarfe a tamu.

Tsumman shafawa da na gogewa duk daga tsofaffin rawunan Baba ake yanko su. Rawanin Sudan doguwar farar auduga ce mara nauyi, in ta sha wanki shekara da shekaru takan yi laushin da babu irinsa a kanti. A naɗe guntu a yatsu biyu, a dangwali kakin kaɗan, a shafa a kewaye a kewaye, ɓangare ɗaya kawai, misali rabin murfin inji. Sirrin shi ne ƙanƙanta. Sabon hannu yakan zaci yawan kaki shi ne yawan ƙyalli, sai ya lafta, ya bushe ya yi tauri, a sha wahalar cire shi, kuma abin da zai zauna a jikin fentin bai ƙaru ba ko kaɗan, domin abin da yake zama bai kai kaurin fatar albasa ba. In an shafa sai a dakata har ya yi hazo-hazo. A ja yatsa a kai: in ya bar layi garau, ya nuna; in ya yi dabbare, da saura. Sannan a ɗauki busasshen rawani a goge, ana juya shi, ana sauya gefe. A nan ne shuɗin yake tasowa daga ƙarƙashin hazon, mai zurfi, har ka ga kwanon rumfa da fuskokinmu a cikinsa. Mota mai tsawon mita 5 takan ci mu daga hantsi har kiran sallar farko, kafaɗu su yi tsami.

Jarrabawar ƙarshe ta Baba ce. Zai ɗebo ruwa a tafin hannu ya yayyafa a rufi. In ruwan ya dunƙule kamar ƙwayoyin carbi ya gangara, aiki ya yi. In ya baje ya kwanta, akwai inda aka tsallake, kuma ya san hannun wa ke wurin. Ya kuma sha gaya mana cewa kaki ba ya hana rana da yashi zuwa. Abin da yake yi shi ne ya tsaya a gaba su ci shi maimakon fentin. Shi ya sa yake ƙarewa cikin wata biyu ko uku, shi ya sa kuma ake sabunta shi. Babu ranar da za a ce an gama.

Ado ko alfahari?

Ba kowa ne ya ga kyan wannan al'ada ba. Wani dattijo mai ilimi a masallacinmu, aminin Baba ne kuwa, ya taɓa tsayawa a ƙofa yana kallonmu, ya ce, «Alhaji, anya wannan ba son duniya ba ne? Yara bakwai a kan ƙarfe ɗaya ranar Juma'a?» Maganar ba ta wasa ba ce, kuma Baba bai ɗauke ta da wasa ba. Ya ce masa, «Allah gafarta Malam, kai ka karantar da mu cewa an tambayi Annabi game da mutumin da yake son tufarsa da takalminsa su yi kyau, bai lissafa wannan cikin girman kai ba, ya nuna cewa girman kai yana wajen ƙin gaskiya da raina mutane. In ka ga ranar da na hana talaka shiga motar nan don kada ya ɓata ta, ka zo ka tsawata mini.» Malam ya yi murmushi ya ce zai sa ido. Ya kuwa sa, har Allah Ya karɓi ransa, kuma Hajiya ce ta kai iyalinsa maƙabarta.

Wata rana Baba ya kai mu gidan Halifa Abdullahi da ke daura da ƙubbar Mahadi, wanda aka mayar gidan tarihi tun 1928. A farfajiyarsa muka ga wata tsohuwar mota ƙirar Arrol-Johnston, wadda ake cewa ita ce ta fara shigowa Sudan. Daga baya muka ƙetare gada zuwa Hartum, gidan tarihin Fadar Jamhuriya, cikin ginin da a da majami'ar Turawan Ingila ce, inda aka jera motocin masu mulki na da, har da Rolls-Royce. Muka saki baki muna kallo. A hanyar komowa Baba ya ce, «Sun sha guga, amma babu mai aikensu. Ku gode wa Allah taku tana da ƙura da za a wanke, domin ƙurar hanyar mutane ce.»

Abin da yaƙi ya ɗauka

Baba ya rasu a 2012. Aka yi shawarar sayar da motar, domin kayan gyaranta sun yi wuya, ga shan mai, ga dogayen layukan gidajen mai da suka zo daga baya. Inna ta ce muddin tana numfashi ba za a rufe wa maƙwabta wannan ƙofa ba. Jikoki suka gaji soson tayu, mu muka gaji gwangwanin.

Ranar Juma'a 14 ga Afrilu 2023, 23 ga Ramadan, muka shafa mata kaki da azumi a bakinmu, don shirin Salla da kuma habub. Washegari da safe aka fara jin harbi daga wajen Hartum. Kowa ya san abin da ya biyo baya. Yaƙin ya raba fiye da mutum miliyan 10 da gidajensu, aka wawashe gidajen tarihi, har da babban gidan tarihin ƙasa, gadar Shambat da ta haɗa Umdurman da Bahri ta karye a watan Nuwamba na wannan shekara. Mu mun daure ƴan watanni, har ruwa da magani suka gagara. Babu man da zai kai Hajiya ko'ina. Muka cire mata batir, muka lulluɓe ta da tamfol, muka kulle ƙofar nan mai faɗi, muka hau motar haya da abin da hannu zai iya ɗauka. Waɗansunmu suka tsaya Bur Sudan tare da Inna, waɗansu suka wuce Alƙahira, mu kuwa muka biyo hanyar kakanni a juye, har Maraɗi, inda dangin da ba su taɓa ganinmu ba suka shimfiɗa mana tabarma. Allah Ya saka musu da alheri.

Bayan da faɗa ya lafa a babban birnin a 2025, wanmu ya koma ya duba gida. Waɗansu mutane sun shiga sun kwashe komai, har ƙyauren ɗaki da wayar lantarki. Lemun tsamin ya bushe. Hajiya tana nan a rumfarta, a zaune a kan cikinta: babu tayu, babu fitilu, gilasai a farfashe, an yage kujeru, an ɓalle tauraron. Ƙurar shekara biyu ta rufe ta. Ya ce ya miƙa hannu zai share, sai hannun ya ƙi. Ya je ya roƙo buta ɗaya ta ruwa a maƙwabta, ya tsiyaya daga rufi kamar yadda aka koya masa. Ruwan bai dunƙule ba, kakin ya daɗe da ƙarewa, amma shuɗin yana nan a ƙasa. Ya ɗauki hoto ya aiko mana ta WhatsApp. Inna ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, «Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ta yi aikinta.»

Abin da bai ɗauka ba

Ga abin da muka lissafa bayan hawaye sun tsaya. A Alƙahira, ɗan wanmu mai shekara ashirin, wanda karatunsa na jami'a ya tsaya, ya sami aiki a wani wurin ajiye motoci. Cikin ƴan watanni masu motoci suka fara tambayarsa da suna, domin motarsu ba ta fita daga hannunsa da zane, kuma duk abin da suka manta a ciki suna samunsa a ajiye. Da wannan sana'a yake biyan hayar ɗakin da uwarsa da ƙannensa suke ciki. A Bur Sudan, inda ruwan sha da kuɗi ake sayensa, yayarmu tana riƙe da gida mai mutum goma sha ɗaya, kuma maƙwabta suna mamakin yadda jarka ɗaya take yi mata wanke-wanke, ta yi shara, ta shayar da shuka. A nan Maraɗi, ƙananan yaranmu sun ɗauki babur ɗin kawunsu da ya sauke mu, kowace Juma'a suna wanke masa shi da bokiti biyu, ba tare da kowa ya sa su ba. Daga ƙafa ƙaraminsu ya fara.

Saboda haka muka tsayar cewa babu abin da ya tafi a banza. Motar aro ce tun farko, kamar gidan, kamar Umdurman ɗin kanta, kuma Mai abu Ya karɓi abinsa ta hanyar da Ya so. Baba direba ne, ya fi kowa sanin ƙarshen ƙarfe. Ya sha wuce gawarwakin motoci a hanyar Darfur. Da ya tara mu a rumfa kowace Juma'a, yana sane da cewa hannuwan nan bakwai za su fi motar daɗewa.

Nasiharmu ga ƴan uwanmu iyaye gajeriya ce. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wa'azin baki kaɗai ba ya tanƙwara shi. Ku nemi wani aiki na gaske a gida, mai lokaci sananne, mai matakai, wanda amfaninsa yake isa ga wasu, ku yi shi tare da ƴaƴanku, ku a gefensu. Ba sai Marsandi ba: keke ne, ko keken ɗinki, ko randar ƙofar gida da masu wucewa suke sha, ko tabarmin masallaci. Ku bar yaro ya taɓa yashin da ke gindin bokiti da hannunsa, ku bar shi ya mayar da abin tsintuwa da ƙafarsa. Ba ku san ƙasar da zai wayi gari a cikinta ba, ba ku kuma san abin da za a bar masa ya ɗauka ba.

Muna kuma roƙonku ku tuna da mutanen Sudan a cikin addu'o'inku da sadakokinku, waɗanda suke sansanonin gabashin Cadi, da waɗanda suke Agadas, da waɗanda suke zaune a unguwanninku ba su faɗa ba. Ƙasarsu ta sauki kakanninmu mahajjata, ta ba su ruwa da gona da maƙwabta. Yau juyi ya zo kanmu.

Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya shirya mana zuriya, Ya zaunar da Sudan da ƙasashenmu lafiya, Ya sa mu zama masu riƙon amanar abin da Ya ba mu aro, ƙarami da babba. Amin.